Dushewar Mai Lulluɓi

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mai Lulluɓi ta fara dushewa. Abokin aikina Dogo ne ya fara gani. Ya faɗo ofishina ko sallama babu, shayi na zuba daga kofinsa, wai in zo in gani. Ƙaramin tauraron ɗan'adam da ke leƙa mana ita lokaci-lokaci ya turo sabon awo, haskenta ya sauka kusan rabi.

Malam, wanda ya koyar da mu, yakan ce abin da ba za ka iya faɗa a layi biyar ba, ba ka gane shi ba. To bari in gwada, ko hankalina ya kwanta. Gungun taurari ne mai nisan gaske. A cibiyarsa akwai baƙin rami da ya ninka rana nauyi sau miliyoyi. Iskar gas na kewaya shi kamar faifai kafin ta faɗa ciki, a saman faifan kuma akwai wata wuta mai tsananin zafi, ita ke fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Shi muke aunawa. Duk bayan 'yan shekaru sai hasken ya dushe na wasu watanni, sannan ya dawo. Malam ya ce gajimaren gas ne ke gittawa tsakaninmu da wutar, shi ya sa ya raɗa mata wannan suna. Shekara ashirin yana kan maganar nan. Ni ma a kanta na yi digirina na uku.

Layin ya wuce biyar. Da ya ja mini kunne.

Kwamitin babban madubin hangen nesa da ke can sararin samaniya ya ba mu dama guda ɗaya tak: duk ranar da ta dushe, mu ce a juya, za a juya a zuba mata ido kwana biyu. Malam ne ya kamata ya ce "yanzu". Shi kuwa yana gida tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara. Hannun dama ba ya motsi, magana sai ɗaya-ɗaya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ta ƙara sauka.

Dogo ya ce mu aika yau. Na ce mu jira. In mun yi gaggawa za mu kama ta kafin ta kai ƙasa, mun ɓata damar. In mun yi nawa kuma, a ƙarshen watan nan rana za ta matso kusa da inda take a sama, madubin ba zai iya kallon wajen ba.

Ya ce, "Ke dai ba ita kike jira ba, Malam kike jira."

Tare muka shigo sashen nan da Dogo, tare muka gama, bai taɓa yarda da zancen gajimare ba ko na yini ɗaya. Shi a wurinsa wutar ce da kanta ke lafawa. Malam na kiransa ɗan adawa, amma duk sanda wata jami'a ta nemi ɗauke shi sai ya tare ƙofa. Ni ce 'yar gida, mai cewa to.

Maganar tasa ta tsaya mini a rai har na dawo gida.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gidan Malam, kamar kowace Asabar. Sun mayar da falon ƙasa ɗakinsa saboda matakala. Gado kusa da taga, keken guragu a naɗe a bayan ƙofa, ƙwallon roba da yake matsawa don motsa yatsu, rediyo a ƙasa-ƙasa ba mai saurare.

Mama, matarsa, ta tare ni a bakin ƙofa. "'Yata, jakar nan ta tsaya nan." Likita ya ce jininsa na hawa in ya sa abu a rai. Na ajiye jakar a kan takalma.

Ya rame amma idon nan nasa na nan. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna sama. "Lul… lul…" Na ce tana gaishe shi. Ya yi dariya da rabin baki.

Da Mama ta shiga kicin sai na kasa haƙuri. Na sunkuya na ce, "Malam, ta fara dushewa. Ta wuce rabi. In ce a juya?"

Na ga amsar ta taso masa. Wallahi na gan ta a fuskarsa. Ya buɗe baki, ya yi ta kokawa, abin da ya fito shi ne, "Ruwa." Ya girgiza kai, ya sake gwadawa. "Ruwa." Ya bugi katifa da hannu. Mama ta shigo da gudu da kofin ruwa, ta dube ni, ta dube shi. Ya karɓa ya sha, don kada a yi mini faɗa, na sani.

Na ce ya ɗaga kai in i ne. Ya rufe ido kawai. Ya gaji.

Na dawo ba amsa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Baban yara ya same ni a teburin cin abinci na baza takardu. Shi da ke ɗaukar hoton ƙashi a asibiti kullum cewa yake sana'armu ɗaya, bambancin kawai shi marasa lafiyarsa suna zuwa da ƙafarsu.

"Likitar taurari, yaya mai jikin?"

Na ce tana ta sauka, ban san ko ta kai ƙasa ba.

Ya ce shi in yaro ya ƙi tsayawa wuri ɗaya ba ya jiran ya yi barci, dannawa yake in ya ga ya ɗan lafa. Na ce shi in ya ɓata yana da wani fim a kwali, ni ba ni da shi. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma a matsar da sararin samaniya gefe, za a ci abinci.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Awo biyu a jere ba ta ƙara sauka ba. Na aika. Na ce a juya.

Na zauna kamar wadda ta yi sata. Dogo na tsaye a bayana, sai ya fita. Can sai ga shi da biskit ya ajiye mini a kan tebur. Shekarunmu tare bai taɓa saya mini ko alawa ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Tun jiya madubin yana kallonta. Ba abin da za mu gani daga nan, sai an gama an tace an turo. Na koyar da 'yan aji ɗaya, na duba takardun gwaji, na tsaya a hanya na saya wa Auta takalmin makaranta. Da na fito daga shagon sai na tsinci kaina ina kallon sama da tsakar rana, ina ƙifta ido, kamar zan hango wani abu. Mai shagon ma ya fito ya ɗaga kai, ya ce jirgi ne? Na ce i.

Litinin, 3 ga Maris

Bayanan sun iso. Na kulle ƙofa.

Gwajin ba shi da wuya, shi ya sa yake ba ni tsoro. Hasken eksire kala biyu ne a wurinmu, mai taushi da mai ƙarfi. Gajimare yana cinye mai taushin, mai ƙarfin ya ratsa ya wuce, kamar yadda yake ratsa tsoka a asibiti. In Malam ne da gaskiya, mai taushi zai ɓace, mai ƙarfi ya tsaya kusan yadda yake. In duka biyun suka sauka tare, to ba abin da ya gitta.

Yau tacewa kawai na yi. Ban zana komai ba. Da gangan.

Laraba, 5 ga Maris

Tare suka sauka.

Na sake daga farko. Na sauya wurin da nake cire hasken bango, wato hasken da ke kewaye da ita wanda ba nata ba. Na ba Dogo ya yi nasa daban ba tare da ya ga nawa ba. Layi biyu kamar tagwaye, ɗaya a kan ɗaya.

Na ɗauka zai yi tsalle. Sai ya zauna a kan kwandon shara da ya kife, ya daɗe yana kallon allon kwamfuta, ya ce, "Kai. Tsohon nan."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi wa Malam ƙarya. Ya nuna sama, ya ɗaga gira. Na ce an kalle ta, amma bayanan ba su iso ba tukuna, ka san su da jan ƙafa. Ya gyaɗa kai.

Mama ta ji daɗina yau. Ta ce tun da ya ji an juya madubin yake cin abinci sosai, har ya yarda mai gashin ƙashi ta tsayar da shi a jikin bango. Jiya ya kira sunan jikarsa daidai. Ta riƙe hannuna a ƙofa ta ce, "Ku dai ku kawo masa labari mai daɗi."

Murmushi na yi, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 13 ga Maris

Akwai hanya ɗaya da ta rage. In gajimaren mai kauri ne ƙwarai, yana iya tare duka biyun, mai taushi da mai ƙarfi. Kwana huɗu nake gina wannan lissafi. Na ƙara kauri, na ƙara wani gajimaren a bayan na farko, na buɗe ƙofa a jikinsa. Yana hawa kan awon, amma da ƙyar, kamar rigar yaro a jikin babba.

Dogo ya leƙo ya ga abin da nake yi. Ya ce gajimare nawa ne yanzu? Na ce uku. Ya ce in na kai bakwai in kira shi ya zo da lema.

Na yi dariya, sannan na ji haushin kaina da na yi.

Talata, 18 ga Maris

Shi ke nan. Ni da kaina na rufe ƙofar.

Na raba kwana biyun gida-gida don in ga ko hasken na motsi. Yana motsi. Yana hawa yana sauka cikin awa ɗaya, kamar fitilar da iska ke kaɗawa. Da gajimare mai kauri ya rufe wutar, abin da zai iso mana sai wanda ya bugi ƙura can nesa ya dawo, shi kuwa ba ya ƙyaftawa haka, a kwance yake. Wannan da ke ƙyaftawa daga bakin ramin yake fitowa kai tsaye. Muna kallon wutar ido da ido. Ba lulluɓi. Lafawa ta yi.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: da na ga ƙyaftawar nan, kafin in tuna da Malam, daɗi na ji. Wuta ce da ta ragu har ta kusa mutuwa amma tana numfashi, kuma ni ce mutum ta farko da ta gani. Minti biyu ko uku ina murna ni kaɗai. Sannan na tuna.

Dogo ya ce awon ƙaramin tauraron a buɗe yake ga kowa, wasu ma sun ga ta dushe, ba za su zauna jiranmu ba. Mu fara rubutu. Na ce ba na rubuta layi ɗaya Malam bai sani ba. Ya ce to ki gaya masa. Na ce to.

Lahadi, 23 ga Maris

Jiya ma ban faɗa ba. Na ce suna kan tacewa.

Yau ina wanke-wanke Baban yara yana goge kwanuka, na ba shi labari duka. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba ya yi. Ya ce a wurin aikinsu akwai masu lalurar da 'yan'uwa ke roƙo kada a gaya musu abin da hoto ya nuna. Ya ce yawancinsu sun riga sun sani, suna yin shiru ne don su sauƙaƙa wa masu ɓoyewar.

Na ce in jininsa ya hau fa? In wani abu ya same shi a dalilina?

Ya ce wannan tambayar likitansa za a yi wa, ba shi ba. Amma mutumin da ya koya miki karanta zanen nan, kina ganin bai iya karanta fuskarki ba?

Na ce ya goge tukunyar da kyau, akwai ruwa a gindinta.

Laraba, 26 ga Maris

Na kira likitan Malam. Ta ce jininsa ya daidaita, labari ba ya kashe mutum in an faɗa a hankali, a zaune, bayan ya sha magani. Ta ce ɓacin rai dai ba ta da maganinsa.

Asabar, 29 ga Maris

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na fara da Mama a kicin. Na gaya mata gaskiya, har da ƙaryar da na yi makonni uku. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta. Ta ce, "Shekara ashirin, 'yata. Yaran nan sun girma suna jin sunan Mai Lulluɓi kamar yayarsu ce. Ba za ki bari ya ƙara ƙarfi ba?" Na ce in na bari, a wurin wasu zai ji. Sai ta ce in shiga, amma tana tsaye.

Takarda biyu kawai na kai masa. Ta farko layukan nan biyu da suka sauka tare. Ta biyu ƙyaftawar. Na ɗora masa a cinya, na gyara masa tabarau. Na shirya jawabi tun a mota, ban yi amfani da ko kalma ɗaya ba, don bai buƙata. Ya bi ta farko da yatsa. Ya koma ta biyu. Ya daɗe a kanta. Na ga inda yatsan ya tsaya, daidai inda nawa ya tsaya ranar Talata.

Na ce, "Malam, na gwada mai kauri. Na gwada har guda uku. Ba ya tsayawa."

Bai dube ni ba. Ya ture takardun suka zube ƙasa, ya juya fuska wajen taga. Na durƙusa zan kwashe, ya ce, "Bari." Sarai kalmar ta fito, ba gargada.

Mama ta ce, "Tashi ki je, 'yata." Ba da faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 30 ga Maris

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mama ta turo saƙo da safe, wai yau in huta. Jininsa lafiya, cin abincin ne ya ragu.

Ban san abin da ake yi da Asabar ba. Na wanke labule. Na raka Auta gidan ƙawarta. Na gyara durowar da ta shekara tana maƙalewa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Mun fara rubuta maƙalar. Dogo ya ɗauki ɓangaren awo, ni bayani. Ya rubuta wata jimla wai sakamakon "ya rushe" tunanin da aka daɗe a kai. Na goge. Ya ce ai gaskiya ce. Na ce gaskiya ce, amma ba gini muke rushewa ba, awo muke bayarwa. Mun yi ta ja har aka tashi. A ƙarshe ya ce, "Yadda kika ce, shugaba." Da zolaya ya faɗa. Ina jin.

Sunan Malam na sa a farko, kamar kullum.

Talata, 15 ga Afrilu

Mama ta kira ina tsakiyar aji. Na fita da gudu. Ta ce lafiya lau, kwantar da hankalinki. Wai takardun nan biyu tun ranar bai bari an share su ba, da kansa ya sa jikarsa ta ɗauko masa, suna ƙarƙashin matashinsa. Yanzu kuma ya hana kowa sakat, yana nuna ƙofa yana cewa "yarinya, yarinya". Ta ce, "Duk gidan nan mun jera masa 'yan mata, ya ce ba su ba. Ke ce yarinyar, da furfurarki."

Na je bayan an tashi. Bai gaishe ni ba, ban damu ba. Ya cika bayan takardun da zane da hannun hagu, layuka a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Na daɗe kafin in gane. Shekaru ya rubuta, na dushewar da ta yi a baya, guda uku. Ya buga yatsa a kansu, ya ce, "Wannan?" Ya buga a kan na bana, ya kaɗa hannu, wato wannan ya bar mana. Ya koma kan na baya. "Wannan?"

Na gane. Yana cewa na bana ba gajimare, ya ji. Amma waɗancan fa?

Na yi tunani da gaske, ba don in faranta masa ba. A waɗancan shekarun ba wanda ya auna mai ƙarfin da kyau, ƙananan na'urori ne kawai suka kalle ta. Na ce, "Malam, waɗancan ba mu sani ba. Ba mu da awon da zai raba."

Ya ce, "To."

Ya ci tuwon… a'a, ba zan yi ƙarya a littafina ba, shayi da burodi ne, amma ya cinye tas ina zaune. Mama ta yi ta kai da kawo tana yi kamar ba ta kallo.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na kai masa maƙalar, na karanta masa a bayyane daga farko har ƙarshe. Ya tsayar da ni sau biyu a kan lissafi, ɗaya yana da gaskiya, mun manta ba mu faɗi yadda muka cire hasken bango ba. Na sa layin da ke cewa game da dushewar baya ba za a iya yanke hukunci ba. Ya gyaɗa kai.

Da muka zo kammalawa ya karɓi biro. Da ƙyar ya rubuta kalma ɗaya a gefen sakin layi na ƙarshe: gajimare. Ya ja kibiya zuwa cikin jimlar da ke maganar bana. Na san abin da yake so, na sha rubuta masa irinta: a ce har yanzu ba a kore yiwuwarsa ba.

Na ce, "Malam, na bana an kore."

Ya buga biron a kan kalmar.

Na ce, "A'a, Malam. Ba zan sa ba."

Tun ina 'yar shekara ashirin da 'yan kai nake gaban mutumin nan, ban taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakina zuwa gare shi ba. Har kunnena ya yi zafi. Ya zuba mini ido, ni kuma na rasa inda zan sa nawa, sai na bar su a kansa.

Ya ce, "Taurin kai."

Mama daga bakin ƙofa ta ce, "Oho. A ina ta koya?"

Bai yi dariya ba. Ya juya shafin farko, ya ja layi a kan sunansa. Na ce Malam don Allah, kai ka nemo damar nan, kai ka rubuta takardar neman. Ya sake jan layin, ya miƙo mini. Sannan ya nuna agogo, ya nuna kujerar da nake kai, ya ce, "Asabar."

A mota na yi kuka kaɗan. Ban san na wanne ba ne, na sunan ko na Asabar ɗin.

Juma'a, 9 ga Mayu

Mun tura wa mujalla. Sunana a farko, na Dogo na biye. Malam yana cikin godiya, layi biyu, na rubuta na goge ya fi sau goma. Na karanta masa ta waya, Mama ta riƙe masa. Na ji numfashinsa kawai, sai kuma ya ce, "Yi." Mama ta ce tana jin "ya yi" yake nufi. Ni ma haka na ɗauka.

Dogo ya ce mu fita cin abinci mu yi murna. Muka tafi kantin da ke bayan ɗakin karatu, muka zauna. Can ya ce ya yi zaton ranar da ta tabbata shi ne da gaskiya zai ji kamar ya ci kofi. Na ce yanzu fa? Ya ce kamar ya ci ɗan'uwansa a kokawa gaban surukai.

Asabar, 17 ga Mayu

Gardama muka yi da Malam awa guda a kan dushewar farko, shi da yatsa da kalma biyar, ni da baki. Bai sauka ba, ban sauka ba. Mama ta ce mu rage murya, maƙwabta za su ce ana rabon gado.

Ya taka daga gado zuwa taga da sanda.

Alhamis, 29 ga Mayu

Rana ta matsa, ƙaramin tauraron ya sake samun ganinta. Tana dawowa. A hankali, amma mai taushin ya riga mai ƙarfin tashi, abin da ba wanda ya zata, har Dogo. Shi yana ganin kuskuren na'ura ne, mu jira awo na gaba. Ni ina ganin faifan ne ya fara farfaɗowa kafin wutar ta kama, in kuwa haka ne, makonni kaɗan muke da su mu ga yadda take kamawa. Ba wanda ya taɓa ganin wannan a wurinta.

Damarmu ta ƙare, amma ana iya roƙon shugaban madubin ya ba da 'yan awoyi na gaggawa. Dogo ya ce in an ba mu kuma ya zama ba komai, mun zubar da mutuncinmu. Na ce na ji. Na rubuta shafi ɗaya, na ba shi ya duba kurakurai, na tura kafin azahar. Na shiga aji, na fito, na tsaya sayen man girki.

Sai da na ajiye mota a gida na lura ban kira gidan Malam ba. Ba wai mantawa na yi ba. Ban dai… Zan gaya masa jibi, da takardar a hannu, ya faɗi abin da zai faɗa.

Ba wani abu ba ne. Aiki ne ya yi yawa.

Baban yara ya ce tun da na shigo nake waƙa a kicin. Ni ban ji ba.